Rigar tallafi ga dattijon manomi: mai roba, mai iska ko mai batir?

Abin da ke fara sa manomi ya ajiye aiki galibi kwankwaso ne, sai gwiwa da kafaɗa. Mutum yana da ilimin gonarsa na shekara arba'in, ido da hankali garau, amma ya sunkuya sau ɗari biyu a yini sai ya kwana yana juyi. A Japan, ƙidayar manoma ta 2020 ta nuna matsakaicin shekarun waɗanda noma ne babbar sana'arsu ya kai 67.8. A Amurka ƙidayar 2022 ta ba da 58.1, a Tarayyar Turai kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu riƙe da gonaki sun kai 65 ko sun wuce. Wannan ne ya buɗe kasuwar rigunan tallafi, wato na'urorin da ake ɗaurawa a jiki su karɓi wani kaso na nauyin da tsoka ke ɗauka.

Wanda ya shiga neman irin wannan riga, ko don kansa ko don mahaifinsa, zai tarar da farashi daga na kayan sawa har zuwa na ƙaramar mota, kowane kamfani kuma da hoton tsoho yana murmushi da akwati a hannu. Iri huɗu ne ke gabansa a zahiri: uku na kwankwaso, ɗaya na kafaɗa.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma wanda ya rinjayi sauran duka, wane motsi ne ke kawo ciwon? Ɗaga kaya daga ƙasa daban, daɗewa a sunkuye daban, aiki da hannu sama da kai daban, tsugunno kuma daban. Babu rigar da ke maganin duka huɗun. Kafin a buɗe shafin kowane kamfani, a tsaya a kalli mai aikin na yini guda, a ga inda yake dafe jikinsa idan ya miƙe.

Na biyu, ƙarfin taimakon da take bayarwa, da kuma yadda aka auna shi. Na uku, nauyinta da zafin da take tarawa, domin rigar da ta yi zafi a rana rataye ta za a yi a ƙusa. Na huɗu, ko mutum zai iya sa ta ya cire shi kaɗai, kuma ko zai iya tafiya, ya zauna, ya hau tarakta da ita. Sai juriya ga ƙura, laka da ruwan sama, sai kuɗin saye da na kulawa, sai haɗari.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a gane tun da wuri, don shi ne ke hana yaudara. Rigar kwankwaso ba ta ɓatar da nauyi. Tana karɓar wani sashe na ƙarfin da tsokar baya za ta yi, ta juya shi zuwa cinyoyi da ƙugu. Buhun da ke hannu yana nan da nauyinsa a kan yatsu, da gwiwa, da tafin ƙafa, da zuciya. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya riƙa ɗagawa, shi ma sai idan komai ya daidaita: kayan na kusa da jiki, ba a murɗa ƙugu ba, ba a yawan maimaitawa. Sa riga ba ya ɗaga wannan iyaka.

Mai roba da ƙyalle

Wannan ita ce mafi sauƙi. Maɗauri a kafaɗa, maɗauri a cinya, da roba mai kauri da ta bi ta baya ta haɗa su. Idan mutum ya sunkuya robar ta miƙe, idan zai tashi ta ja shi ta taimaka. Babu inji, babu caji. Smart Suit da aka ƙirƙiro daga binciken Jami'ar Hokkaido a Japan irin wannan ce, kuma manoma na cikin waɗanda aka yi ta domin su. Apex ta kamfanin HeroWear, wadda ta fito daga Jami'ar Vanderbilt a Amurka, nauyinta wajen kilo 1.5 ne, kuma lokacin da ta fito an sayar da ita a kusa da dala 1,200. LiftSuit ta Auxivo a Suwizalan ba ta ma kai kilo guda ba.

Taimakon da take bayarwa kaɗan ne, kuma mai saye ya san da haka. A ranar farko wasu za su ce ba su ji wani bambanci ba. Bambancin yana fitowa ne da yamma, bayan an sunkuya ɗaruruwan sau wajen dashe, cire ciyawa ko tsinkar kayan lambu. Wani bita da aka buga a mujallar Ergonomics a 2016 ya tattara gwaje-gwaje, ya samu cewa rigunan da ba su da inji suna rage aikin tsokar baya da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari. 

Amma tana da abin da sauran ba su da shi: ana mantawa da ita a jiki. Ana zama da ita, ana ratsa tsakanin layin shuka ba ta kama reshe ba, ana wanke ta. Apex tana da wani maɓalli a kafaɗa da ake saki robar da shi idan za a yi tafiya ko a tuƙa, abin da ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin robar da ke ja kullum tana gajiyar da cinya a tafiya mai nisa. Raunin ta shi ne roba tana saki, rana da gumi suna cin ta, don haka a tambaya tun wajen saye ko ana sayar da robar ita kaɗai. Haɗarinta bai wuce gogar fata a cinya da ƙarin zufa a gadon baya ba.

Mai firam da iska ko sifirin

A nan ne na ga ya kamata a daɗe, don yawancin masu ruɗewa tsakanin wannan da mai batir suke ruɗewa.

Tana da firam mai tauri da ake goyawa a baya kamar jaka, da faifai biyu da ke dafe gaban cinyoyi. Ƙarfin yana fitowa daga sifirin ko daga iskar da aka matse. Fitacciya a cikinsu ita ce Muscle Suit Every ta kamfanin Innophys, wanda ya samo asali daga binciken Farfesa Hiroshi Kobayashi na Jami'ar Kimiyya ta Tokyo. Ta fito a ƙarshen 2019 a kan yen 136,000 kafin haraji, nauyinta kilo 3.8. A bayanta akwai wasu bututun roba da aka lulluɓe da saƙaƙƙen zare. Mai ita zai riƙe ɗan famfon hannu ya matsa sau talatin zuwa arba'in da ɗoriya, bututun su kumbura su gajarce, su ja waya, wayar ta ja firam ɗin. Idan ya sunkuya sai ya ji kamar wani ya riƙe shi ta baya yana hana shi faɗuwa gaba, idan zai miƙe kuma ya ji an ɗan tura cinyoyinsa. Yana iya ƙara iska ko ya rage daidai da aikin. Laevo ta ƙasar Holan ita ma ba ta da batir, sai dai ita da sifirin take aiki, kuma tana dafe ƙirji.

Kamfanin yana cewa ƙarfin taimakonta ya kai kilo 25.5. Wannan adadi ne da ake yawan fahimta a karkace. Ba ana nufin buhun kilo 25 zai koma kamar auduga ba. Ma'aunin iyakar ƙarfin da na'urar ke bayarwa a kwankwaso ne idan an cika ta da iska, kuma wani kaso na wannan ƙarfi yana tafiya ne wajen riƙe gangar jikin mutum shi kansa, wadda ita ma nauyi ce babba idan an sunkuya.

Inda ta fi amfani shi ne aikin da ake tsayawa wuri guda: loda akwatunan amfanin gona a mota, juye buhunan taki, daɗewa a rabin sunkuye wajen tantance kaya ko wanke su. Tunda babu lantarki a cikinta, ƙura da ruwa ba sa tsorata ta sosai. An ba ta shaidar IP56, wato tana jure ƙura da feshin ruwa mai ƙarfi. Ba a neman soket, ba a jiran caji, kuma abin da zai lalace a cikinta kaɗan ne.

Matsalarta tafiya ce. Ba ta san bambancin mai sunkuyawa da mai ɗaga ƙafa zai taka ba, don haka duk taku sai cinya ta ɗan yi kokawa da faifan. A fili mai laushi ko kan gangare wannan yana cin ƙarfi, kuma ga dattijon da dama ƙafarsa ba ta da tabbas, abin lura ne. Tsugunno har ƙasa yana wuya da ita, zama a kujerar tarakta ma haka, sai an saki faifan cinya. Firam ɗin yana ƙara faɗin mutum, yana iya kama waya ko reshe. Kilo huɗu a baya cikin rana kuma ba wasa ba ne, ko da an ce nauyin a ƙugu yake sauka.

Mai batir da inji

Ita ce ake nunawa a talabijin, kuma ita ce ta cancanci a kira ta mutum-mutumi da gaske. Tana da ƙananan injuna a gefen ƙugu, da na'urorin da ke gane motsi, da kwamfuta da ke yanke shawarar lokacin da za a tura da kuma yawan ƙarfin. HAL ta kamfanin Cyberdyne, wanda Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba ya kafa a 2004, tana iya karanta raunanan saƙonnin lantarki da ke bayyana a fata lokacin da ƙwaƙwalwa ta umarci tsoka, sai ta motsa tare da mutum. Samfurinta na kwankwaso wajen kilo 3 ne, kuma galibi haya ake ba da shi. Kamfanin German Bionic na Jamus ya yi iƙirarin cewa rigarsa Cray X tana ba da tallafin kilo 30 a kowace ɗagawa. Bitar 2016 ɗin nan ta samu cewa masu inji sun kai ga rage aikin tsoka da kashi 80 cikin ɗari a wasu gwaje-gwaje, amma gwaji ne na ɗakin bincike, a kan daɓe mai santsi, yawanci da matasa.

Kubota, mai ƙera tarakta, ta bi wata hanya dabam da WIN-1 a 2017. Ta sa ƙugiya da waya da ke saukowa ta saman kafaɗa, injin ya ja akwati mai kilo 20 sama, wani sashen kuma ya taimaki ƙugu. Ita ce kaɗai a cikin waɗanda na ambata da ke sauke nauyi daga hannu. Sai dai nauyinta wajen kilo 10 ne, farashinta kuma a lokacin da ta fito ya haura yen miliyan 1.

Fa'idar mai batir ita ce tana sakin mutum idan yana tafiya, ta kama shi idan zai ɗaga. Abin da mai iska ta kasa ke nan. A madadin haka sai a biya da abubuwa da yawa. Batir na sa'o'i ne kawai, ranar girbi kuwa ba ta ƙarewa da azahar, don haka sai an sayi na biyu. Batir ba ya son zafi, kuma ƙarfinsa yana raguwa da shekaru ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, ga shi aikin gona na kaka ne, na'urar za ta yi watanni a ajiye. Idan ta lalace babu makanikin unguwa da zai taɓa ta. Akwai kuma haɗarin da ba a rubutawa a takardar talla: kamfanin kansa yana iya rufewa. ATOUN, wani reshe na Panasonic da ya yi Model Y mai kilo 4.5, an rushe shi a 2022. Rigar roba ko kamfaninta ya mutu tana nan tana aiki. Mai manhaja da batir na musamman kuwa ranta yana hannun wanda ya ƙera ta.

Ta fuskar lafiyar jiki, wani lokaci na'urar takan yi kuskuren fahimtar niyya, ta tura lokacin da mutum bai shirya ba. Matashi zai gyara tsayuwa ya wuce. Mai shekara 72 a kan kunya mai santsi, da akwati a hannu, labarin daban ne. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ko mai raunin ƙashi kada ya sa ta sai likita ya amince.

Ta kafaɗa

Wannan ba kishiyar ukun farko ba ce, aikinta daban. Mai gonar inabi ko tuffa da ke wuni hannu a sama yana rage 'ya'ya, yana ɗaure reshe, yana sa wa 'ya'yan itace jaka, ciwonsa a kafaɗa da wuya yake, rigar kwankwaso ba za ta yi masa komai ba. Raku Vest ta Kubota, wadda ta fito a 2013 a kan kusan yen 120,000, an yi ta musamman don masu aiki a ƙarƙashin rumfar inabi: mutum ya ɗaga hannu, ta kulle a nan, ya ɗora damtsensa a kai. Paexo Shoulder ta Ottobock a Jamus kilo 1.9 ce, da sifirin take aiki, tana bin hannu duk inda ya tafi. Wannan rukuni ya sha gwaji a masana'antar mota. Ford ta raba EksoVest a masana'antunta 15 a 2018.

Tana taimakawa idan hannu yana sama, tana zama cikas idan an sauke shi ana aiki a ƙasa. Nauyin da ta ɗauke daga kafaɗa a ƙugu take ajiye shi, don haka mai ciwon baya ya gwada da kyau. Kuma ba ta hana wuya ciwo, tunda har yanzu sama ake kallo.

| | Mai roba | Mai iska ko sifirin | Mai batir | Ta kafaɗa |
|---|---|---|---|---|
| Aikin da ta dace da shi | yawan sunkuyawa, kaya marasa nauyi | ɗaga kaya a wuri guda | ɗaga kaya masu nauyi da tafiya | aiki sama da kai |
| Nauyi | kilo 1.5 ko ƙasa | wajen kilo 4 | kilo 3 zuwa 10 | kilo 2 zuwa 4 |
| Ƙarfin taimako | kaɗan | matsakaici | mai yawa | matsakaici |
| Kuɗi | mafi araha | matsakaici | mafi tsada, ko haya | matsakaici zuwa tsada |
| Kulawa | wanki, canjin roba | duba iska da maɗauri | caji, batir, gyaran kamfani | duba maɗauri da sifirin |
| Babban haɗari | gogar fata, zafi | tuntuɓe, kama reshe | turi ba zato, rashin kayan gyara | nauyi a ƙugu |

Haɗarin da ya shafe su duka

Duk wani abu mai maɗauri da igiya bai kamata ya kusanci inji mai juyawa ba, musamman sandar da ke juyawa a bayan tarakta. A cire riga kafin a je wurin. Haka hawa tsani da firam a baya.

Haɗari na biyu daga mai rigar yake fitowa. Da zarar ciwon ya lafa sai ya ƙara aiki, ya ɗauki biyu inda yake ɗaukar ɗaya, ya daina hutun da ciwon ke tilasta masa a da. Kwankwaso ya samu sauƙi, gwiwa da zuciya su biya bashin. Gwaje-gwaje sun nuna ragin aikin tsoka da ragin gajiya, amma shaidar cewa rigunan suna rage rauni a tsawon shekaru har yanzu ba ta yi ƙarfi ba. Wanda ciwonsa ke sauka har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, asibiti yake buƙata kafin riga.

Kuma kafin a kashe kuɗin, a lissafa abin da rabinsa zai saya ta wata hanya: baro mai kyau, teburin tantance kaya da ya kai ƙugu, akwatuna ƙanana maimakon manya, kayan aiki masu dogon mariƙi, 'yar kujera mai taya don aikin tsugunno. Sau da yawa raba buhu gida biyu ya fi kowace na'ura. Aikin tsugunno musamman, babu ɗaya cikin huɗun nan da ke yi masa magani mai kyau.

Wa ya dace da wacce

Mai lambu da ke wuni yana dashe, cira da tsinka, yana yawo tsakanin layuka, ya ɗauki mai roba, wadda ake iya sakin ta idan za a yi tafiya. Ita ce kuma ta dace da ɗan da ke son saya wa mahaifinsa alhali bai tabbata Baban zai yarda ya sa ba. Idan ya ƙi, asarar ba ta da yawa.

Wanda wahalarsa ta taru a 'yan sa'o'i na loda da saukewa, a kan ƙasa mai tauri, mai iska ko sifirin ce tasa. A ganina ita ce ta fi ba da ƙarfi a kan kowane kuɗi da aka kashe, muddin zai cire ta idan an gama lodin.

Mai batir ta fi dacewa da ƙungiyar manoma ko babbar gona, inda mutane da yawa za su yi amfani da ita tsawon shekara, akwai wakilin kamfani a kusa, kuma ana iya ɗaukar haya a lokacin girbi kawai. Dattijo shi kaɗai a ƙaramar gona da wuya ta biya masa kuɗinta.

Mai gonar 'ya'yan itace ya nemi ta kafaɗa, mai kullewa idan hannunsa a tsayi ɗaya yake wuni, mai sifirin idan yana yawan kai da kawowa.

Ko wacce aka zaɓa, a nemi gwaji na mako guda ko biyu a gonar kanta, a cikin zafin rana, a kan ainihin aikin, a fara da sa'a ɗaya ko biyu a yini. A bar mai rigar ya sa ta ya cire da kansa ba tare da an taya shi ba, a duba fatar cinya da kafaɗa da yamma, a kuma tambayi mai sayarwa shekara nawa ya yi alkawarin kawo kayan gyara kafin a biya.